Yadda ake haɗa wa abokai buɗa-baki irin na Malayu a gida

Duk Bahaushen da ya yi azumi a Malesiya, ɗalibi ne a Gombak ko Serdang ko Sintok, ko ma'aikaci ne a Kuala Lumpur, ya san yadda maƙwabta Malayu suke da yawan kyauta a watan nan. Yau a ƙwanƙwasa ƙofa da robar fate, gobe da ƙunshin kayan zaƙi. Ranar da za a rama, ba laifi ba ne a yi musu tuwo da miyar kuka, amma babu abin da ke faranta musu kamar su zauna su tarar an dafa nasu, kuma an dafa shi daidai. Su suna kiran shan ruwa "berbuka puasa", ko a taƙaice "buka puasa".

Abincin da za a haɗa na mutum 8 ne: dabino da ruwa, faten shinkafa da ake kira bubur lambuk, shinkafar tumatir wato nasi tomato, kaza a jar miya wato ayam masak merah, haɗin kokwamba da abarba mai tsami wato acar jelatah, da abin sha mai launin hoda, sirap bandung. Wahalar aikin ɗaya ce: mai girki yana azumi, ba zai riƙa ɗanɗanawa yana gyarawa ba. A mazhabar Malikiyya an karhanta ɗanɗanon gishirin miya ga mai azumi, su ma Malayu da ke bin Shafi'iyya ba sa yi sai da buƙata. Don haka ma'auni da ido da hanci ne za su maye gurbin harshe. Kofin da ake nufi a nan mai cin mililita 250 ne, babban cokali mililita 15, ƙarami mililita 5, kuma a shafe bakinsa, ba a tula ba.

Kayan aiki

Kasko mai zurfi da faɗi, wanda suke kira kuali. Tukunya mai kaurin gindi mai cin lita 5 don fate. Tukunyar lantarki ta dafa shinkafa mai ɗaukar kilo 1, ko tukunyar ƙarfe mai murfin da ke rufewa gam. Bilenda, ko turmi idan babu. Almakashi, rariya, muciya ko ludayin katako mai tsawo, jug mai cin lita 3, ƙananan kwanoni 8 na fate, da robobi masu murfi na guzurin baƙi.

Cefane

Na fate: shinkafa ta gari, ba basmati ba, kofi 1 da rabi, niƙaƙƙen naman sa giram 300, busasshen jatan lande giram 50, madarar kwakwa mai kauri kofi 1, man shanu babban cokali 3, albasa 2, tafarnuwa sala 4, ɗanyar citta tsawon gaɓar yatsa 2, hulba rabin ƙaramin cokali, garin masoro, garin shammar da garin kamun, kowanne ƙaramin cokali 1, gishiri babban cokali 1, ganyen pandan, wani dogon ganye mai ƙamshi, guda 2, lawashi da ganyen seleri.

Na shinkafa: basmati kilo 1, wato kimanin kofi 5, man shanu babban cokali 4, albasa 1, tafarnuwa sala 4, citta gaɓa 1, nunannen tumatir 4, tumatirin gwangwani babban cokali 3, madarar gwangwani ta ruwa kofi 1, gishiri ƙaramin cokali 4, pandan 2, ganyen na'a-na'a.

Na kaza: kaza kilo 2, a yanka ta gida 16, kurkum ƙaramin cokali 2, busasshen dogon barkono, wanda ake kira cili kering, guda 25, jar albasa manya 4, tafarnuwa sala 6, citta gaɓa 2, serai, wato ciyawar nan mai ƙamshin lemun tsami da muke dafa shayi da ita, kara 3, tumatirin gwangwani babban cokali 4, miyar tumatir ta kwalba, wato ketchup, babban cokali 4, madarar kwakwa mililita 200, sukari babban cokali 2, gishiri ƙaramin cokali 4, man gyaɗa na suya.

Na acar: kokwamba 2, rabin abarba, karas 1, jar albasa 1, jan barkono ɗanye 2, ruwan khal babban cokali 4, sukari babban cokali 3, gishiri ƙaramin cokali 1.

Na sha: sirap ros na kwalba, wato jan ruwan sukari mai ƙamshin furen wardi, kofi 1, madarar gwangwani ta ruwa gwangwani 1, ruwan sanyi lita 2, ƙanƙara, da 'ya'yan selasih, wani irin ɗaɗɗoya, babban cokali 1 idan ana so.

Akwai kayan ƙamshi guda huɗu da ke shiga dukkan tukwane ukun, har Malayu suka yi musu suna "empat sekawan", wato abokai huɗu: kirfa, kanumfari, kadamon, da bunga lawang, wanda ke da siffar tauraro. A kowace tukunya ana sa kirfa kara 1, kanumfari 5, kadamon 4, bunga lawang 2. A shaguna ana sayar da su haɗe cikin ƙaramar leda ɗaya.

Wanda ke nesa da kasuwar Malayu, ko ya dawo gida yana son yi wa iyali, ga mafita. Pandan ba shi da madadi na gaskiya, a bar shi kawai, kada a sa wani ganye da sunan maye gurbi. Cili kering ana musanya shi da busasshen tattasai 8 da busasshen barkono 5. Tattasai ya ba da launi, barkono ya ba da zafi. Attarugu ɗanye ba ya dacewa, ƙamshinsa yana mayar da miyar ta koma jar miyarmu ta kullum. Madarar kwakwa kuwa a goge kwakwa 2, a zuba ruwan ɗumi kofi 2, a murza sosai, a matse a kyalle mai tsabta. Matsar farko ita ce mai kauri, ita ake buƙata.

Mataki na 1: Gayyata da tambayoyi biyu

A gayyaci mutane kwana 2 ko 3 kafin ranar, domin a goman ƙarshe yawancin Malayu sun shiga hidimar ƙaramar salla, wato Hari Raya, da tafiya garuruwansu. Lokacin gayyata a yi tambaya biyu. Ta farko, akwai wanda jatan lande ke tayar wa ƙaiƙayi ko mura? Ana samunsu da yawa, kuma fate na ɗauke da shi. Ta biyu, idan cikin abokan akwai Ba'indiye mabiyin addinin Hindu ko Basine mabiyin Buddha, yana cin naman sa? Da yawansu ba sa ci. In haka ne a yi faten da niƙaƙƙen naman kaza, komai na nan yadda yake.

A duba lokacin magariba na ranar a manhajar e-Solat ta JAKIM, hukumar harkokin Musulunci ta Malesiya, kuma a tabbatar an zaɓi yankin da ake. A Kuala Lumpur magariba tana kaiwa wajen 7:00 zuwa 7:30 na yamma gwargwadon lokacin shekara, amma a gabashin Sabah tana rigan haka da kusan awa guda. Lissafin da ke ƙasa an gina shi a kan magaribar 7:25.

Mataki na 2: Aikin daren jiya

Bayan tarawihi, lokacin da baki yake buɗe, a yi barkono. A yanka cili kering da almakashi gida uku-uku, a kaɗe 'ya'yan su zube, a tafasa minti 10 har ya yi laushi, a zubar da ruwan, a wanke, a markaɗa da ruwa kaɗan har ya yi sumul. Zubar da 'ya'ya da ruwan tafasar nan shi ne ke rage zafi da ɗaci, ya bar launi. Wanda ya markaɗa shi da 'ya'yansa zai samu miya mai yaji wadda ke damun cikin da ya wuni babu komai. A ɗanɗana shi yanzu. Idan zafinsa ya yi yawa, gobe a rage kashi ɗaya cikin uku.

Akwai markaɗaɗɗen barkono na leda da ake kira cili boh ko cili kisar. Yana rage wahala, sai dai yawanci yana da tsami saboda abin da ake sa masa don ya daɗe. Wanda zai yi amfani da shi ya ɗebi kofi 1, ya ƙara sukari babban cokali 1 a miya.

A daren ne kuma za a yanka ƙarin albasa 3 siriri, a soya a mai har ta yi ruwan zuma, a tsame a baza ta huce, a rufe a kwalba. Wannan ita ce bawang goreng da ake barbaɗawa a kan fate da shinkafa. A tsame ta tun tana ɗan haske, domin tana ci gaba da duhu bayan ta bar wuta.

Mataki na 3: Kasuwa da safe

Kaza da madarar kwakwa a saye su ranar. A kasuwa irin ta Chow Kit ana matse kwakwa a gaban mai saye, a ƙulla a leda. A ce "santan pekat" don a samu mai kauri. Wannan madara ba ta jure zafi ko kaɗan, a garin da rana ke wuce digiri 30 kusan kullum. Daga kasuwa sai firji. Idan an buɗe an ji tsami-tsami ko ta yi yauƙi, a zubar, babu dabarar da ke gyara ta. Ta kwali irin su Kara ko Ayam Brand ba ta kai ɗanya daɗi ba, amma ba ta ba da kunya.

Mataki na 4: Fate, ƙarfe 2:30

Bubur lambuk ya yi suna ne daga Masjid Jamek na Kampung Baru a Kuala Lumpur, inda ake dafa shi a manyan tukwane a raba kyauta da la'asar. Da shi ake farawa domin yana cin lokaci kuma jira ba ya ɓata shi.

A wanke shinkafa a jiƙa minti 30. A jiƙa jatan lande a ruwan zafi minti 10, a tsane, a daka shi sama-sama. A narka man shanu a tukunya, a zuba abokai huɗu da hulba. Da zarar kanumfari ya kumbura, ƙamshi ya tashi, a zuba yankakkiyar albasa, tafarnuwa da citta. Hulba tana da saurin ƙonewa, kuma in ta ƙone ɗacinta zai bi tukunyar duka, don haka kada ta wuce daƙiƙa 30 ita kaɗai a mai. Albasa ta yi laushi, a zuba jatan lande a juya minti 2, sannan nama da garin masoro, shammar da kamun. A riƙa farfasa naman da muciya har jan ya ɓace.

A zuba shinkafa, ruwa lita 3, gishiri, da pandan da aka ƙulla kamar igiya. In ta tafasa a rage wuta, a karkace murfi, a bar ta minti 50 zuwa awa 1. Rabin awar farko juyi ɗaya a minti 10 ya isa. Daga nan kuwa sai an tsaya a kai, domin shinkafar ta fashe, ta sauka ƙasa, tana neman kama tukunya. A riƙa kai muciya har gindi. Idan aka ji ƙauri, kada a kankare: a juye na saman a wata tukunya a ci gaba, a bar ƙanzon a baya.

Madarar kwakwa sai ƙarshe, bayan ƙwayoyin shinkafa sun narke. A zuba, a yi ta juyawa minti 5 a kan ƙaramar wuta, a kashe. In aka bar ta tana ɓararraka, madarar za ta tsinke, mai ya taso daban. A sauke faten yana da ɗan ruwa-ruwa, yana zuba daga ludayi kamar kunu mai kauri, saboda kafin magariba zai ƙara kamewa. Idan ya kame da yawa, ruwan zafi ake ƙarawa, ba na sanyi ba.

Mataki na 5: Suyar kaza, ƙarfe 3:15

Yayin da fate ke kan wuta, a wanke kaza, a tsane ta sosai, a murza mata kurkum da gishiri ƙaramin cokali 2, a bar ta minti 20. A soya a mai mai zafi, gida 5 ko 6 a lokaci ɗaya, minti 3 zuwa 4 kowane gefe. Ba so ake ta soyu har ciki ba; fatar ta yi rawaya ta ɗan ƙame, cikin ya rage, zai ƙarasa a miya. Mu mun saba soya kaza har ta bushe ƙarau. A wannan girki irin wannan suya kuskure ne, domin busasshiyar kaza ba ta shan miya, za a same ta ja a waje, fara fat kuma busasshiya a ciki.

A tace man suyar a ajiye kashi uku cikin huɗu na kofi. Da shi za a yi miya, ya riga ya ɗauki ɗanɗanon kaza da kurkum.

Mataki na 6: Miyar kaza, ƙarfe 4:00

Nan ne girkin yake tashi ko ya faɗi, kuma nan ne masu koyo suke gaggawa.

A markaɗa albasa 3, tafarnuwa da citta da ruwa kaɗan ƙwarai. Albasa ta huɗu a yanka ta zobe-zobe a ajiye. Serai a yanke ganyen, a ɗauki farin gindin, a bubbuge shi da bayan wuƙa ya fashe. A ɗora man da aka ajiye, a zuba abokai huɗu da serai, sannan markaɗen albasa. A soya minti 8 zuwa 10 har ruwan ya ƙafe, warin ɗanyar albasa ya tafi. Sai a zuba markaɗen barkono, a rage wuta zuwa matsakaiciya.

Abin da ake jira yanzu shi ake kira "pecah minyak", wato mai ya fasa. Ga yadda ake gane shi ba tare da harshe ba. Da farko haɗin zai shanye man duka, ya zama ja mai haske, yana tsalle yana fantsama, tururinsa yana sa tari. Bayan kamar minti 10 tsallen zai ragu, ƙarar ta koma siririn sauti na suya. Wajen minti 15 zuwa 25 launin zai koma ja mai duhu, haɗin ya yi ɗan tsaki-tsaki, jan mai ya fito ya kewaye gefen kasko, kuma in an ja muciya a tsakiya hanyar ba ta rufewa nan take, mai ne ke fara cika ta. Ƙamshin ma ya canza, ya daina shaƙe maƙogwaro. Sai an ga waɗannan alamu a ci gaba. Barkonon da bai soyu ba yana da gafi, yana murɗa ciki, kuma miyar ba ta kwana.

Idan haɗin ya fara kama kasko alhali mai bai fito ba, man ne ya yi kaɗan, a ƙara babban cokali 2. Idan gefe ya fara baƙi, wuta ta yi yawa, a yayyafa ruwa babban cokali 2 a rage ta. Kada yawan man ya tsoratar, ana iya kwashe rarar da cokali a ƙarshe, amma ba a iya kai wa wannan mataki da mai kaɗan.

A zuba tumatirin gwangwani a soya minti 3 don tsaminsa ya mutu, sannan miyar tumatir ta kwalba, sukari, gishiri ƙaramin cokali 2, da ruwa kofi 1. Mai girkin da ya taso da miyar Arewa hannunsa zai yi nauyi wajen zuba sukari a miya. A zuba shi cif. Ayam masak merah miya ce mai zaƙi-zaƙi da ɗan tsami, yaji yana biye; in aka cire sukarin, baƙo Bamalaye zai ci don kara, amma ba abincinsu aka ba shi ba.

A zuba madarar kwakwa ana juyawa, a sa kaza, a rufe rabi, a bar ta minti 15 zuwa 20 a ƙaramar wuta, ana juyawa a hankali kada fata ta saɓule. A soki cinya kusa da ƙashi. In ruwan da ya fito fari ne, ta nuna. Miyar ta kasance mai kauri tana manne wa nama, ba romo ba. A watsa zoben albasa, a rufe, a kashe wuta, zafin zai laushe su. Wanda ba shi da madarar kwakwa ya sa madarar gwangwani ta ruwa daidai wannan ma'auni, gidaje da yawa haka suke yi.

Mataki na 7: Acar da abin sha, ƙarfe 5:15

A tsaga kokwamba, a cire tsakiyar mai 'ya'ya, a yanka siriri tsawon yatsa. Karas haka, abarba ƙanana, albasa da barkono siriri. A narkar da sukari da gishiri a ruwan khal, a juye a kai, a sa a firji. Tsakiyar kokwamba ce ke sakin ruwa ta sa haɗin ya salance. Babu khal, lemun tsami 3 sun wadatar.

Sirap bandung kuwa a haɗa sirap da ruwan sanyi tukuna, sannan madara. Selasih a jiƙa shi daban minti 15 har ya kumbura ya yi kamar ƙwan kwaɗo, a zuba. Ƙanƙara sai ana saura minti 5 a sha ruwa. Kada a yi tunanin musanya sirap da zoɓo saboda launinsu ya yi kama: tsamin zoɓo yana tsinka madara nan take ta yi gudaji. In sirap ros bai samu ba, a ba da zoɓon shi kaɗai babu madara. Malayu sun san shi, suna nomansa, suna kiransa roselle.

Mataki na 8: Shinkafa, ƙarfe 5:45

Nasi tomato yana kama da dafa-duka a ido, amma ba ita ba ce. Babu attarugu, babu dunƙulen ɗanɗano, launinta ruwan lemo ne mai haske, ɗanɗanonta sanyi-sanyi da ƙamshin man shanu. An yi ta ne don ta ɗauki miyar kaza, ba don ta yi gasa da ita ba.

A wanke basmati har ruwan ya yi haske, a jiƙa minti 20, a tsane a rariya. A markaɗa tumatir 4 da na gwangwani, a auna. Ana son kofi 1 da rabi. A narka man shanu, a soya abokai huɗu, sannan albasa, tafarnuwa da citta har su yi ruwan zuma. A zuba markaɗen tumatir a soya minti 5. A zuba ruwa kofi 5, sannan madara, gishiri da pandan. Tsarin nan yana da dalili: madarar da ta sauka kai tsaye kan tumatir mai zafi tana tsinkewa. Jimillar ruwa, tumatir da madara kofi 7 da rabi ke nan a kan shinkafa kofi 5. Kuskuren da aka fi yi shi ne a auna ruwa cikakke a manta cewa tumatir da madara su ma ruwa ne, sai shinkafa ta caɓe.

A juye komai a tukunyar lantarki tare da shinkafa a kunna. A kan murhu kuwa, a bar ta ta tafasa har ruwan ya yi daidai da saman shinkafa, ramuka suka fito, sannan a rufe gam a mayar da wuta can ƙasa minti 15, a kashe, a bar ta minti 10 ba a buɗe ba. A barbaza da cokali mai yatsu, a watsa na'a-na'a. Idan tukunyar lantarki ta kashe kanta da wuri saboda tumatir ya kwanta a gindi, a juya sau ɗaya, a yayyafa ruwan zafi rabin kofi, a sake dannawa.

Mataki na 9: Kayan zaƙi

Kada mai koyo ya ɗora wa kansa yin kuih, wato ƙananan kayan ƙwalama na Malayu, a rana ɗaya da wannan girki. Bazar Ramadan, wato kasuwar abincin buɗa-baki, yana buɗewa tun wajen la'asar a kusan kowace unguwa. A aiki wani ya sayo tepung pelita, wanda ake dafawa a ɗan kwandon ganyen ayaba, da onde-onde, ƙwallayen garin shinkafa masu narkakken gula Melaka, wato sukarin bishiyar kwakwa, a ciki, da karipap, mai kama da ƙaramin meat pie. Biyu-biyu ga kowane mutum ya isa, domin baƙi ma ba sa zuwa hannu rabbana, kowa zai riƙo nasa "buah tangan", wato tsaraba. Abin da baƙo ya kawo a juye shi a faranti a sa a tsakiya a ranar, kada a ɓoye a kicin.

Mataki na 10: Shimfiɗa da shan ruwa, daga ƙarfe 6:50

A shimfiɗa tabarma, a ɗora leda ko ƙyalle a tsakiya. Malayu suna cire takalma a bakin ƙofa, suna zama a ƙasa, suna ci da hannun dama kamar mu, don haka babu wani baƙon abu a nan. A ajiye butar wanke hannu da kwanonta a gefe. Idan akwai iyalai, a yi shimfiɗa biyu, ta maza da ta mata, ko a bar su su zaɓi wurin zamansu. Wanda ya girme ka namiji "Abang" ne, mace "Kak". Sa'o'in iyaye "Pakcik" da "Makcik".

Ƙarfe 7:00 a ɗumama fate da kaza a ƙaramar wuta. 7:15 a zuba fate ludayi ɗaya da rabi a kowane kwano, a barbaɗa soyayyar albasa, lawashi da seleri. A gaban kowa dabino 3, kofin ruwa, kofin bandung. A kunna rediyo ko talabijin don kiran salla in masallaci ya yi nisa. Addu'ar da aka fi ji a bakinsu ita ce mai farawa da "Allahumma laka sumtu", kuma sukan so a ba babba a cikin mutane ya ja ta. Mai gida ya ce "Jemput makan", wato bismillah, a ci.

Da zarar an sha ruwa, mai girki ya zame ya ɗanɗana miya da shinkafa kafin su fito. Gishiri ya yi kaɗan a miya, a narkar da rabin ƙaramin cokali a ruwan zafi a gauraya. Yaji ya yi yawa, a ƙara madarar kwakwa da ɗan sukari, a tafasa minti 2. Shinkafa ba a gyara ta a wannan lokaci, miyar ce za ta rufa mata asiri.

Tsari mafi sauƙi shi ne dabino, fate da kuih, sannan a tashi a yi magariba, a dawo kan shinkafa da kaza. Wasu gidajen suna cin komai a zama ɗaya kafin salla, saboda haka a tambayi baƙi abin da suka fi so. A tanadi wurin alwala da dardumai, da telekung, farin hijabin salla na matan Malayu, ko manyan hijabai masu tsabta idan ba su zo da nasu ba. Tsakanin magariba da isha'i a can awa ɗaya ne da 'yan mintoci, masu zuwa tarawihi za su so tashi kafin 8:20, don haka kada a riƙe su da shayi. Idan an ga farantin wani ya yi ƙasa a ce "Tambah, tambah", wato a ƙara. Zai ce ya ƙoshi sau ɗaya ko biyu kafin ya miƙo.

Mataki na 11: Abin da ya rage

Tun kafin baƙi su miƙe a zuba musu shinkafa da kaza a robobi don sahur, a ce "Bungkus untuk sahur". A raba shinkafa daban, miya daban, in ba haka ba kafin asuba ta jiƙe. Fate da miyar kaza duka suna da madarar kwakwa, kuma tun yamma suke a waje, don haka na gida a juye su a kwanoni marasa zurfi su huce da sauri, a sa a firji kafin a fita tarawihi. Miyar kaza tana kai kwana 2 a firji, washegari ma ta fi daɗi. Fate a cinye shi a sahur ɗin daren, a ɗumama shi da rabin kofin ruwan zafi har ya tafasa sosai. Bandung da ya sha ƙanƙara da acar da ya saki ruwa ba sa kwana.